Ku rage wa alobera ruwa, nan ba gida ba ne

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a Kudu, musamman mu na Ibadan. Rubutun nan zai yi tsawo, wanda datarsa ke kan gargara ya adana shi sai dare. A kan alobera zan yi magana. Na san wani zai ce ana fama da jarabawa da kuɗin haya, wa ke ta fulawa. To ku ɗan ba ni aron kunne, da dalili.

Daga farkon shekarar nan zuwa yau na raba 'ya'yan alobera goma sha ɗaya ga 'yan uwa, mata takwas, maza uku. Biyar sun mutu a cikin daminar nan. Huɗu na je na gani da idona, ta biyar hotonta aka turo min. Babu ko ɗaya da ƙishirwa ta kashe. Dukkansu gindin ya yi laushi, ganyen ƙasa ya zama kamar dafaffiyar kuɓewa, in ka ja shi sai ya biyo hannunka da wari. Kuma abin da ya fi taɓa ni, masu su ba 'yan sakaci ba ne. Waɗanda suka fi kowa kula ne, masu ba ta ruwa kullum da safe kafin su tafi lakca. Waɗanda suke mantawa da tasu sai bayan mako biyu ko uku, tasu na nan lafiya lau, wasu har sun fara haihuwa.

Tawa daga Katsina ta zo, daga gindin ta Umma da ke tsakar gida kusa da wurin alwala. Tun ina firamare take nan. A can kusan kullum tana samun ruwa, ko dai ragowar na buta, ko wanda yara suka watsa, kuma ba ta taɓa ruɓewa ba. Dalili kuwa a fili yake: a cikin yashi take, a fili, rana na dukanta tun hantsi har la'asar. A watan Afrilu zafi na kaiwa digiri 40, iska a bushe, ruwan da ka zuba da safe kafin azahar ka neme shi ka rasa. Da wannan muka tashi, shi ya sa duk ɗan Arewa a ransa shuka ruwa take nema, kuma barinta babu ruwa zalunci ne.

Sai muka ɗauko wannan sabon muka taho da shi garin da ba haka yake ba. Ruwan da ke sauka a Katsina a shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba, kuma mafi yawansa daga Yuni ne zuwa Satumba. Na Ibadan ya haura milimita 1,200, yana farawa tun wajen Maris ko Afrilu, ba ya ɗaukewa sai ƙarshen Oktoba. Ku na Fatakwal da Kalaba kuwa naku ya wuce 2,000. Ko ɗan tsagaitawar da ruwan ke yi a nan a watan Agusta ba rana ake samu ba, gari ne a lumshe da hadari da sanyi-sanyi. Ba sai na gaya muku yadda laimar garin nan take ba. Wanda ya taɓa wanke atamfa ta kwana biyu a igiya ba ta bushe ba, ko ya buɗe ledar kilishin da ya yi ta lallaɓawa ya tarar ta yi fumfuna, ko gishirinsa ya jiƙe a gwangwani, ya san zancen. To in atamfa mai shafi ɗaya ta kwana biyu ba ta bushe ba, ina ga ƙasar da ke cikin bokitin roba, a ɗaki mai taga ɗaya da labule a sake? Idan kiɗa ya canza, dole rawa ta canza.

Bari in ɗan faɗi wace ce alobera, domin in ka san halinta sauran bayanin zai zo da sauƙi. Masana tsirrai sun fi karkata a kan cewa asalinta yankin Larabawa ne, wajen duwatsun ƙasar Oman, inda ruwa kan yi watanni bai sauka ba. Danginta sun haura iri 500, mafi yawansu a Afirka da Madagaska da ƙasar Larabawa. Muna da tamu ta daji a Arewa, wadda dattawa ke kira kabar giwa, wasu su ce zabuwa saboda ɗigo-ɗigon farin da ke jikin ganyen. Wannan kaurin ganyen da kuke gani randa ce. Farin yauƙin da ke ciki kusan kashi 99 cikin 100 ruwa ne, shi take ajiyewa tana sha a hankali.

Ba ajiya kaɗai ta iya ba, ta iya tattali. Yawancin tsirrai suna buɗe ƙananan ƙofofin da ke jikin ganyensu da rana don su shaƙi iskar kabon, ta nan kuma ruwan jikinsu ke tsere musu. Alobera takan rufe nata da rana, sai dare ya yi gari ya yi sanyi ta buɗe, ta ɗebi iskar ta adana ta a matsayin wani sinadari mai tsami, gari na wayewa ta yi amfani da shi wajen haɗa abinci da hasken rana. Haka abarba ma take yi. Ma'ana ruwan da take asara a yini kaɗan ne ƙwarai in ka kwatanta da tumatir ko alayyafo. Wanda ba ya kashe kuɗi kuwa ba ya buƙatar a riƙa turo masa kullum.

Matsalar tana can ƙasa inda ido ba ya gani. Ni ilimin ƙasar noma nake karanta, kuma abu na farko da ake cusa mana shi ne ƙasa mai kyau ba dunƙule take ba, akwai ƙananan ramuka tsakanin ƙwayoyinta, wasu ruwa ke ciki, wasu iska. Saiwa tana numfashi kamar ni da ku, iskar oksijin take buƙata. In ka zuba ruwa yau, gobe ka ƙara, jibi ka ƙara, ramukan nan sun cika babu wurin iska. Saiwar ta shaƙe, ƙwayoyin ruɓa da ke son ƙasa mai jiƙe su samu ƙofa. Saiwar alobera kuma ba ta da zurfi, a saman ƙasa take bazuwa don ta cafki ruwan da ya sauka na ɗan lokaci, ba a halicce ta don zama cikin taɓo ba.

A nan ne tarkon yake. Da saiwa ta ruɓe, shukar ta daina samun ruwa ko da tana tsakiyar tafki. Sai ganyen ya yi yaushi ya kwanta. Mai ita ya gani ya ce Allah sarki ƙishirwa take ji, ya ƙaro kofi biyu. Haka ake ƙarasa ta da tausayi.

Akwai wata ƙanwarmu 'yar aji ɗaya da na ba ɗaya a watan Afrilu, da izininta nake ba da labarin. Wani dare ta kira ni murya na rawa, ta ce, “Yaya, fulawar nan mutuwa take yi, wallahi ban taɓa fashin ba ta ruwa ba.” Washegari na je. A cikin gwangwanin madara take, babu huji ko ɗaya a ƙasa, a kan tebur nesa da taga. Na karkata gwangwanin sai ga ruwa yana tsiyaya, kore, da wari. Na tambaye ta sau nawa take ba ta, ta ce kullum bayan sallar asuba. Sai ta ƙara da abin da ya sa na yi shiru: “Yaya, ita kaɗai ce abin da nake yi wa wani abu a garin nan.” Yarinya ce da ba ta taɓa kwana nesa da gida ba, ta baro ƙanne biyar da take yi wa wanka da shirin makaranta. A ɗakinsu su huɗu ne, ita kaɗai ke jin Hausa. Hannunta ya saba da hidima, ta zo inda babu mai neman hidimarta, sai ta juye ta duka a gwangwanin madara.

Muka zazzage ƙasar. Uwar ta riga ta tafi, ruɓar ta hau har tsakiya. Amma akwai wata 'yar ƙarama a gefe, tsawonta bai fi ɗan yatsa ba, gindinta da sauran ƙarfi. Muka raba ta da uwar, muka yanke duk saiwar da ta yi baƙi da sabuwar reza har sai da muka ga fari tas, muka shimfiɗa ta a kan takarda a inuwa kwana huɗu don bakin yankan ya bushe. Sannan muka dasa ta a busasshiyar ƙasa, na ce kar ta ga ko ɗigon ruwa sai bayan mako guda. Ta ce wannan makon ya fi mata makon jarabawa wuya. Tana nan da rai, ta fitar da sabon ganye biyu. Wanda duk tasa ta fara laushi a gindi, wannan ce hanyar, kuma a yi da wuri. In ruɓar ta kai inda sabon ganye ke fitowa, sai dai haƙuri.

Ga yadda nake yi da tawa, shekara biyu ke nan a garin nan. Ba na bin kalanda. Babu wai ranar Juma'a ranar ban ruwa ce. Yatsa nake tsomawa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu, wajen santimita biyar. In na ji sanyi ko ƙasa ta manne min, na bar ta, in dawo bayan kwana uku ko huɗu. In ta bushe ƙurmus, sai in ɗaga tukunyar in ji nauyinta, don busasshiyar ƙasa ba ta da nauyi, kuma hannu yana saurin koyon bambancin. Mai tsoron ɓata farce ya soka tsinken tsire har ƙasa, ya bar shi minti biyu ya zaro. In ya fito da danshi ko ƙasa a jikinsa, lokaci bai yi ba. Zuwa da kai ya fi saƙo, kar ka yanke hukunci da ganin saman ƙasa, shi kullum yake fara bushewa.

In lokacin ya yi kuwa, ba na yayyafi. Ina ba ta har ta ƙoshi, in zuba a hankali a gefe-gefe har sai na ga ruwa yana fita ta hujin ƙasa. Tukunyata girman ƙaramin bokitin fenti ce, ledar fiya wata ɗaya da rabi ke isar ta, wato bai kai lita ɗaya ba. Cokali biyu kullum ya fi komai illa, saman ƙasa na nan a jiƙe kusa da wuyan shukar, saiwar ƙasa kuma ba ta samu ba. Ba na zuba ruwa a tsakiyar ganyen, don in ya kwanta a nan ruɓa yake jawowa, musamman a gari mai laima. Da safe nake yi. Bayan minti goma sha biyar in zubar da wanda ya taru a farantin da ke ƙarƙashi, saboda saiwa kuma saboda sauro, mun ishe mu da zazzaɓi ba sai mun buɗe masa gidan haihuwa a ɗaki ba. Ruwan sama da aka tara ya fi kowanne, na rijiya da na bohol ma babu laifi. Banda ruwan wanki mai omo, banda ragowar shayi.

Da wannan lissafin, a damina nakan yi mako uku har huɗu ban ba ta ba. Daga Disamba zuwa Janairu in ɗan hunturun garin nan ya leƙo, da kuma zafin Fabrairu da Maris, yakan dawo kwana goma zuwa mako biyu. Wannan a ɗakina ne, da tagata da tukunyata. Naku zai iya bambanta, shi ya sa na ce yatsa, ban ce kalanda ba.

Rabin aikin ban ruwa a wajen dashe ake gama shi. Abin da za ka dasa a ciki dole ya kasance da huji a ƙasa, ba ɗaya ba, huɗu ko biyar. In roba ce ka ɗora ƙusa a wuta ka huda. Tukunyar ƙasa ta fi roba nesa ba kusa ba, don jikinta na fitar da danshi, kamar yadda randa ke tsattsafo tana sanyaya ruwa. Kar ta yi wa shukar girma da yawa, ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba ruwa kawai take riƙewa. Wasu suna cewa in babu huji a zuba tsakuwa a ƙasan gwangwani. Wannan ba ya maganin komai, ruwan na nan a ciki ba inda ya je. Ƙasar kuma kar a ɗebo jar lakar bayan hostal ita kaɗai, tana riƙe ruwa, in ta bushe ta zama kamar bulo. Ni nakan haɗa kashi biyu na yashin gini mai tsakuwa-tsakuwa, in wanke shi, da kashi ɗaya na baƙar ƙasar lambu, da ɗan dakakken gawayi. Sai haske. A ajiye ta a bakin tagar da ta fi samun rana, a ɗage labule. Alobera a lungu mai duhu ba ta shan ruwan da aka ba ta, ganyen ya yi tsawo siriri ya yi fari-fari yana faɗuwa.

Ganyen da kansa yana magana in ka saba da shi. Mai jin ƙishirwa yakan yi siriri, ya lotsa a tsakiya kamar kwalekwale, ya ɗan yi tamoji, bakinsa ya bushe, amma in ka taɓa za ka ji shi da tauri. Wannan ba abin tashin hankali ba ne, ka ba ta ruwa sosai, cikin kwanaki za ta ciko. Mai yawan ruwa kuwa yakan kumbura, ya yi laushi, ya yi ɗorawa-ɗorawa kamar haske na ratsa shi, kuma daga gindi yake farawa. Ganyen da ya koma ja-ja ko ruwan ƙasa alhali yana da tauri, yawanci rana ce ta yi masa yawa farat ɗaya, kamar wanda ya fito da ita daga ɗaki ya ajiye a tsakiyar fili. A mayar da ita inda rana ba ta da kaifi, a riƙa fito da ita sannu a hankali. In kana shakka tsakanin ka ba ta ko ka bari, ka bari. Ƙishirwar mako guda ba ta kashe alobera, amma mako guda cikin taɓo yana iya kashe ta.

Wani ɗan uwa ya ƙalubalance ni a kan wannan, kuma tambayarsa da ma'ana. Ya ce to ga ta nan a gidajen mutanen gari a fili, ruwan Ibadan na dukanta wata bakwai, me ya sa ba ta mutuwa? Maman da nake haya a gidanta tana da irin wannan, jere guda a jikin katanga. Ranar da ta ga tawa a taga ta ce min da Yarabanci sunanta eti erin, wato kunnen giwa. Na ce Mama, mu ma a wajenmu da giwar muke kiranta. Ta yi ta dariya, tun daga ranar in ta yi amala sai ta aiko min, ni kuma in na dawo daga gida in kawo mata kuka da daddawa. Na je na duba inda nata suke: a kan tudu ne na ɓaraguzan gini da tsakuwa, ruwa na sauka yana gangarewa, ga rana, ga iska. Ruwan da ya zo ya wuce ba ya kashe alobera. Wanda ya zo ya zauna shi ne matsala. Bokitin roba a ɗaki ba shi da tudu, ba shi da gangare, ba shi da iska.

Yanzu ga hutu ya matso, kuma tambayar da ta fi yawa a akwatin saƙona ita ce wa zan bar wa. Amsa: kowa ma a'a. Ana jibi za ka tafi ka ba ta ruwa sosai, ka bari ya tsiyaye, ka ajiye ta a inda haske ke shiga amma ruwan sama ba ya feso mata, ka kulle ɗakinka ka kama hanya. Wata guda, har wata biyu, za ka dawo ka same ta, iyaka ta ɗan rame. Wata 'yar uwa da ta yi digirinta na farko a Kudu ta ba ni labarin yajin aikin malaman jami'a na 2022, wanda aka fara a Fabrairu aka janye a Oktoba. Ta bar tata a baranda ƙarƙashin rufi da tunanin mako huɗu ne, ta dawo bayan wata takwas ta same ta ta yi ja ta kanannaɗe, amma da rai, ta kuma farfaɗo. Abin tsoro shi ne maƙwabci mai kirki. In ka ce masa don Allah ka duba min, kullum zai zuba mata don kar ka dawo ka ce ya ci amana. In ya zama dole ka bar wa wani, ka faɗa masa a fili: sau ɗaya bayan mako uku, ko da ya ga kamar tana roƙo.

Mai son ya tafi da 'yarta gida ko ya taho da wata daga can, kar ya wahalar da kansa da tukunya a mota. A cire ta, a kakkaɓe ƙasar, a naɗe ta a jarida, ba a leda ba don kar ta yi gumi. Tafiyar kwana da yini ta Ilori da Jebba da Mokwa ba komai ba ce a wajenta, ni haka na taho da tawa cikin akwati tsakanin atamfofi. In an isa a dasa a busasshiyar ƙasa, a jira mako guda kafin ruwa.

Tunda yawancinmu don gyaran gashi da fata muke ajiye ta, bari in ja kunne. In ka yanki ganye za ka ga wani ruwa rawaya mai ɗaci yana fita tsakanin ɓawon da farin yauƙin. A jingine ganyen a kofi minti goma zuwa sha biyar ya tsiyaye, a wanke, sannan a yi amfani da farin. Ruwan nan mai ɗaci yana sa zawo mai ƙarfi da murɗar ciki, a wasu kuma yana sa ƙaiƙayi a fata. A 2002 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa a janye magungunan sa bayan gida da aka haɗa da shi daga kantuna, domin masu yin su ba su kawo hujjar cewa ba ya cutarwa ba. Saboda haka masu markaɗa ganye da ɓawonsa su sha wai wankin ciki ko rage ƙiba, a yi hattara, mai juna biyu kuwa kar ta kusance shi. Ƙaramar ƙuna ta bakin risho ko dutsen guga, a fara sa wurin a ruwa mai sanyi na famfo, daga baya a shafa farin. Ƙuna babba ko mai zurfi asibiti ake kai ta. A riƙa yankan ganyen ƙasa da suka manyanta, ɗaya ko biyu, a bar ƙananan tsakiya. Mai kyanwa kuma ya ɗaga ta sama, in ta ci tana cutar da ita.

Kwanaki muna hira da wata ƙawata da ke karanta Larabci, ta tuna min cewa busasshen ruwan nan mai ɗaci Larabawa sabir suke ce masa, kuma haruffansa uku su ne dai na kalmar haƙuri a harshensu. Sunan ya zo a Sahihu Muslim, a hadisin Sayyidina Usman, Allah ya ƙara masa yarda, a kan mai harami da ciwon ido ya kama. Ban kawo wannan don wani ya je ya ɗiga wa idonsa ba, ido na likita ne. Na kawo ne don sunan ya dace da abin da shukar ke nema a wajen mai ita.

Gaskiya haƙurin nan yana mana wuya, kuma na san dalili. Mu mutane ne da baƙo in ya shigo kafin gaisuwa ta yi nisa an miƙa masa ruwa. Tun muna yara muke jin labarin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Mun ga rijiya ta ƙafe, mun bi layin mai ruwa da jarka. A ce mana ga abu mai rai a gabanka, ga ruwa a buta, amma kar ka ba shi, sai mu ji kamar rowa ce. Amma mutumin can sai da ya ga karen yana lallagi yana lasar ƙasa, sannan ya koma rijiya. Dubawa ce ta fara zuwa. Ni a wajena kula da alobera kullum ne, ban ruwan ne kawai ba kullum ba. Kowace safiya nakan ɗage mata labule, in juya tukunyar kaɗan don kowane gefe ya samu haske, in goge ƙurar ganye, in leƙa ko wata 'ya ta ɓullo. Duk wannan hidima ce, kuma babu wadda ke ruɓar da saiwa.

Ita ƙanwar tamu kuwa, abin da ta rasa ba fulawa ce za ta ba ta ba. Yanzu ranar Asabar takan zo mu yi girki tare, mu uku ko huɗu, wani lokacin mu gangara Sabo mu sayo fura da tsire mu ji Hausa ta ishe mu. Ta kuma samu yaran wata maƙwabciya tana koya musu karatu da yamma. Manyanmu da muka kwana biyu a garin nan, don Allah mu riƙa leƙa 'yan aji ɗaya. Ba sai da kuɗi ko doguwar nasiha ba. A tambaye su, a saurara, a ga me suke buƙata kafin a ba su. Wata abinci ne, wani wanda zai raka shi asibiti ne, wata kuwa so take a ce zo ki taya ni yanka albasa.

Tawa ta sake fitar da 'ya'ya shida, amma ba zan raba su ba sai ruwa ya ɗauke, kuma sai kowace ta kai tsawon tafin hannu ta yi saiwarta. Mai so ya yi min magana ta akwatin saƙo. Sharaɗi ɗaya ne: ka zo da tukunyarka in ga hujin da idona. Waɗanda tasu ta mutu su ne a gaban layi, don yanzu sun fi kowa sanin hannunta. Ku na Legas da Ife da Binin da Nsukka da Fatakwal, ku gaya mana kwana nawa ƙasarku ke ɗauka kafin ta bushe, mu ƙaru da juna. Allah ya ba mu sa'ar jarabawa, ya kai masu tafiya gida lafiya, ya sa mu gama abin da ya kawo mu cikin aminci. Amin.